Silvanus Kafinta a Bencin Baya

'Yata Mildred, wadda take aikin nas, ita ta tono mini wannan magana bara, ba tare da ta san abin da take tonowa ba. Muna zaune ina ɓarar gyaɗa, tana ba ni labarin wani saurayi da aka kwantar a wajen aikinsu, idanu jawur, gwiwa a kumbure, fitsari yana ƙona shi. Na ajiye faifan. Na ce mata, "Cutar Raita ke nan." Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Mama, ina kika ji wannan sunan? Ai an daina kiranta haka." Wai sunan wani likita ne Bajamushe, daga baya aka gano yana da hannu a muguntar da aka yi wa fursunoni lokacin babban yaƙin Turawa, sai likitoci suka ce ba za su ci gaba da ambaton mugu ba. Yanzu sai dai su ce ciwon gaɓoɓi ne da ke biyo bayan wata cuta da ta riga ta wuce.

Na ce to, sun kyauta, sun cire wa cuta sunan mugu. Ni kuwa na san mutumin kirki da wannan cutar ta ɓata wa nasa sunan, kuma ba wanda ya zauna ya gyara masa.

Silvanus Zamani wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi na fari ni Lai'atu auta. A Godogodo aka haife mu, babanmu yana noman citta da dawa. Yaya bai so fartanya ba. Tun yana saurayi ya bi wani kafinta zuwa Kafanchan, ya koyi zarto da guduma, daga baya ya tsaya a kan rufin kwano, aikin da sauran kafintoci suke gudu. Ni ma aure ya kawo ni garin, mijina yana aikin jirgin ƙasa, gidanmu da nasu layi ɗaya.

Yaya a saman gini abin mamaki ne. Yana tafiya a kan katakon rufi kamar mai zuwa kasuwa, ƙusoshi a baki, yana rera waƙar sujada ta hanci. Amma sauko da shi ƙasa ka ga matsoraci. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, kuma in dattijon ikkilisiya, wato na jama'ar majami'armu, ya yi gyaran murya sai ya cire hula ko da ba da shi ake ba. Nakan yi masa tsiya in ce Allah ya ba shi zuciya amma ya manta da ita a saman gini. Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai bakin nan naki zai ja miki, Lai'atu."

Shi ya yi bencinan majami'armu duka, har da na can baya kusa da ƙofa. Wannan bencin na waɗanda aka sa a horo ne. A wajenmu in mutum ya yi babban zunubi, zina ko sata, zai tashi gaban jama'a ya faɗa da bakinsa, a hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa masu bi, ya koma can baya ya zauna wata da watanni kowa yana wucewa ta gabansa. Dattawa suka ce kada ya sa wa bencin abin jingina. Ya bi umarni, amma ya goge katakon ya yi sumul, ya ce ko ba komai kada sartse ya shiga mutum a kan kunyar da yake ciki.

Matarsa Magdalene 'yar Manchok ce, tela, mace mai tsayawa a kan magana ɗaya. Aurensu abin kallo ne a layinmu. Tasa ɗaya suke cin tuwo, a tsakar gida, ido na gani, a lokacin da maza ke ci su kaɗai mata su ci da yara. Ana yi musu dariya ana cewa sun zama Turawa, ko a jikinsu. In yana aiki a cikin gari ita ke kai masa abinci da rana. Tun daga nesa zai hango ta daga sama, sai ya buga guduma a kan kwano, dukan unguwa su san Magdalene ta iso. Ta taɓa ce mini, "Wanki ba shi da ƙarfin zuciya, amma bai iya ƙarya ba. Shi ya sa nake barci da kyau." Ku riƙe wannan magana.

A shekarar saba'in da shida gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta, aka shiga gina azuzuwa ko'ina, masu rufi suka zama 'yan gata. Aka kira Yaya Gwantu ya rufe wata makaranta. Ya yi kusan wata a can, yana kwana a ɗakin ajiyar siminti da sauran ma'aikata, suna shan ruwan rafi. Can atuni ya kama shi, mai jini da majina. Bai bar aikin ba, yana sauka yana hawa har ya gama. Da ya dawo ban gane shi ba, wuyansa ya zama kamar na zakara. Magdalene ta dafa ruwa ta wanke kayansa, ta yi ta ɗura masa kunu har ya fara mayar da jiki. Muka ce an gode Allah, abin ya wuce.

Bayan 'yan makonni idanunsa suka yi ja, suna kwantsa. Muka ce ciwon ido ne na gari, aka sa masa tozali. Ya ci gaba da fita.

Ranar da abin ya fito fili ina dawowa daga kasuwa. Na ga mutane sun taru gaban wani gini kusa da tasha, kowa ya ɗaga kai. Na ɗaga nawa. Yesu! Yaya ne a can ƙololuwa, ya rungume katako da hannu biyu, ƙafa ɗaya tana lilo. Mutumin da ban taɓa ganin ya dafa komai a sama ba. Ana ce masa ya sauko, yana cewa gwiwar ta ƙi lanƙwasa, kuma hasken kwanon yana soka masa ido, ba ya ganin tsani. Na zubar da kayan miyata ina ihu, ban ma san me nake cewa ba. Sai da maza suka hau suka ɗaura masa igiya a ƙugu suka zuro shi a hankali. Da aka yage ƙafar wandon, gwiwar ta kai girman ƙwarya, tana sheƙi, da zafi in ka taɓa.

Bai faɗi ba, bai bugu ba, ba abin da ya cije shi. Wannan shi ya fi tayar mana da hankali. Da karaya ce da mun san gidan mai ɗori.

Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho, ba a ga canji ba. Dunduniyarsa ta kama, in ya taka ƙasa sai ya yi ƙara. Yatsan ƙafarsa ɗaya ya kumbura dam. Sannan tafin ƙafar ya fito da wasu ƙuraje masu ɓawo, fata tana saɓulewa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta gani, ta fita da baya, kafin yamma an ce Silvanus ya kamu da kuturta. Uwaye suka hana yara shiga gidan. Ni kaina, in na wanke masa ƙafa, sai in koma gida in yi ta dirje hannuna da toka. Akwai kuma abin da Magdalene kaɗai ta sani, sai daga baya ta gaya mini a bayan ɗaki: in zai yi fitsari sai ya ciji zani don kada a ji kukansa.

Muka yanke shawarar kai shi asibiti. Likitan Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa, mu kuma Turancinmu bai wuce na gaisuwa ba. Sai muka roƙi Baba Martins ya raka mu. Baba Martins tsohon malamin makaranta ne, kuma shi ne babba a dattawan ikkilisiyarmu, mutum mai farin gashi da taye ko ranar Talata. Mun ɗauka mun yi dabara.

Gaskiya likitan nan ya yi aikinsa. Ya duba ido, ya matsa gwiwa, ya juya tafin ƙafa. Ya ce ba kuturta ba ce, na ji kamar an sauke mini dutse. Sannan ya tambayi zancen fitsari, Yaya ya sunkuyar da kai ya amsa, a gaban Baba Martins. Likita ya faɗi sunan, Raita, ya maimaita don mu riƙe. Ya ce cutar tana shigowa ta hanya biyu: ko ta biyo bayan atuni, ko ta biyo bayan ciwon da namiji ke ɗaukowa a wajen mata. Baba Martins ya fassara duka biyun, ba zan yi masa ƙarya ba, bai rage komai ba. Yaya ya ce ya yi atuni a Gwantu. Likita ya gyaɗa kai, ya rubuta ƙwayoyi da maganin ɗigawa a ido. Ya ce abin yana ɗaukar watanni, yawanci yana tafiya da kansa, amma wasu yana barinsu da gurgunta, kuma a kula da idon sosai.

Baba Martins ya rako mu har layinmu. Da muka iso ƙofar gida ya ce, "Silvanus, wata guda ka yi a Gwantu ba iyali, ko?" Yaya ya ce, "E, Baba." Ya ce, "To." Ya gyara tayensa ya tafi.

Ranar Alhamis dattawa suka zo, aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakin da yake kwance. Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi. A hankali Baba Martins ya yi magana. Ya ce, "Ɗana, wa ke nan wurin da bai taɓa yin atuni ba? Ni na yi, Fasto ya yi. Gwiwar wa ta kumbura? Ma'aikatan da kuka sha ruwa ɗaya, ga su can suna yawo da ƙafafunsu. Amma zafin fitsari, kowane namiji ya san daga inda yake zuwa. Likita ya faɗi hanya biyu don ya rufa maka asiri ne. Mu ba asirinka muke nema ba, ranka muke nema."

Yaya ya ce, "Baba, ban yi ba." Da ƙyar aka ji shi.

Magdalene ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ta durƙusa, don ba ta rasa ladabi ba, amma muryarta a tsaye take. Ta ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Ni na wanke wandunan mutumin nan da ya dawo daga Gwantu, na ga jinin da idona. Kuma in ciwon mata ne, me ya sa ni lafiyata ƙalau?" Wani dattijo ya ce Allah ne ya tsare ta saboda ita ba ta da laifi. Ni kuwa na buɗe baki na faɗi abin da bai kamata a faɗa wa masu furfura ba, aka ce in fita, na fita ina ci gaba da faɗa daga waje.

Hukuncin da suka bari shi ne wannan. Ba za su zo su ɗora masa hannu su shafa masa man addu'a ba, ba za a kawo masa jibin Ubangiji ba, sai ya faɗi gaskiya gaban ikkilisiya. Suka ce ba mugunta ba ce, addu'a ce ba ta hawa kan zunubin da aka ɓoye.

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. A wajenmu in ka kwanta ciwo gidanka cika yake yi. Zumuntar matan majami'a su zo da waƙa da gari, mawaƙa su zo, dattawa su zo da mai. Gidan Yaya kuwa ya yi tsit. Keken ɗinkin Magdalene ma ya yi shiru, don mata sun daina kawo ɗinki. Muna jin ƙararrawar majami'a daga ɗakin, sai ya juya fuska bango.

Ciwon kuma bai tsaya ba. Gwiwa ta biyu ta kama. Ƙugunsa ya sandare, da safe sai mun ɗaga shi mu biyu kamar katako. Abin da ya fi razana shi idon hagu ne. Ya daina kwantsa, ya koma ciwo daga ciki, ko hasken ƙofa ba ya so. Muka rataye bargo a taga, ya zauna cikin duhu da rana tsaka. Muka koma asibiti aka canja maganin ɗigawa, aka ce mu yi haƙuri. Haƙuri! Kullum da safe zai rufe idon dama da hannu ya ce, "Lai'atu, ɗaga yatsunki in gani." In ɗaga, ya daɗe yana kallo. Ni ma a tsorace nake. Ina tuna makahon da ke zama bakin tasha, in ga Yayana a wurin, sai in fita bayan gida in yi kukana in wanke fuska in dawo.

Wata rana da hantsi Magdalene ta tafi rijiya, ya kira ni kusa. Ya ce, "Lai'atu, in na makance wa zai riƙe mini sanda? In na mutu haka, ba jibi, ba addu'a, ina za ni?" Na ce ba zai mutu ba. Ya ce, "Na bincika kaina. A Gwantu akwai ranar da na hango wata mata tana wanka a rafi daga saman gini. Ban sauke ido da wuri ba. Ai an koya mana ko kallo ma zunubi ne. Wataƙila shi ne. In na tashi na ce na yi, ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, kuma za su zo su yi mini addu'a."

Kai, ranar na zage shi tas, ban duba girmansa ba. Na ce, "Ka taɓa ta?" Ya ce a'a. "Ka yi mata magana?" A'a. "Ka san sunanta?" A'a. Na ce, "To ka haukace ne? Matar da ta durƙusa gaban dattawa ta tsaya maka, ita za ka watsa wa ƙasa a ido?" Da Magdalene ta dawo na faɗa mata a gabansa. Ta ajiye bokiti ta zauna bakin gado. Ta kira shi da sunan ɗan farinsu, ta ce, "Baban Kumai, ni na yarda da kai. Ko duk garin nan sun ƙi ka, ni na yarda. Abu ɗaya nake da shi a gidan nan, shi ne ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Kada ka taɓa mini shi." Ya yi kuka ya ce ya bari.

Ya bari ɗin, har zuwa wata Lahadi da ya tashi ya rufe idon dama, ya ce ba ya ganin komai sai hayaƙi. Ya fara kakkarwa, haƙoransa suna haɗuwa. Ya ce a kai shi majami'a, yana so ya ji waƙa ko daga ƙofa ne. Mijina da wani maƙwabci suka ɗauke shi a kujera, da tsumma ɗaure a ido. Ni da Magdalene muka bi su, muka zauna a gefen mata.

Bayan wa'azi Fasto ya tambaya ko akwai mai magana a gaban Ubangiji, kamar yadda ake yi kowace Lahadi. Sai na ji muryar Yaya daga ƙofa. Ya ce, "Ni ne, Silvanus. Na yi zina a Gwantu."

Magdalene ta kama hannuna ta matse har na ji ƙashi. Ta raɗa mini, "Tsoro ne, tsoro ne kawai." Amma al'adarmu ba ta karɓar furci a dunƙule. Baba Martins ya tashi ya ce, "Da wa, ɗana?" Yaya ya ce da wata mai sayar musu da abinci. "A ina?" Ya ce a ɗakin siminti, ranar da sauran suka tafi kasuwa. Wayyo, mutumin da bai iya ƙarya ba, tsoro ya koya masa a take. Yana ƙara magana ina jin hannun Magdalene yana sakina a hankali, har ta mayar da shi cinyarta.

Aka yi waƙar godiya. Aka ɗaga shi daga kujera aka ɗora a bencin baya, wanda ya goge da hannunsa. Ba abin jingina, ƙugunsa kuwa ba ya riƙe shi, sai mijina ya tsaya a bayansa ya tallafe shi da gwiwa har aka tashi.

Da yamma dattawa suka zo da mai. Washegari zumuntar mata suka cika gidan da waƙa. Yaya ya yi barci ranar kamar jariri, ya ci tuwo ya nemi ƙari. Har lokacin Magdalene tana ce mini, "Bari mu gani." Ni na san abin da take jira, ko da ba ta faɗa ba: ta ga ko furcin zai warkar da shi.

Sai ya fara warkewa.

Likita ya riga ya faɗa, watanni ne abin zai tafi da kansa, kuma watannin sun cika. Amma wa zai tuna da likita? Kafin wata ya zagayo hayaƙin idon ya fara washewa, gwiwa ta saɓe, tafin ƙafa ya yi sabuwar fata. Ya taka da sanda, ya ajiye sandar. Fasto ya yi wa'azi a kansa. Baba Martins ya rungume shi a ƙofar majami'a yana hawaye na gaske, don shi har ga Allah ya ceci rai ne. Mata suna tsayar da Magdalene a kasuwa suna cewa ta ga ikon Allah, yana furtawa ciwo ya sake shi. Ban taɓa tsoron lafiyar mutum ba sai wannan karon. Kowace safiya in na ga ya ƙara miƙewa sai in dubi fuskarta, in ga ta ƙara rufewa. Da bai warke ba, da ta ci gaba da yarda da shi.

Bayan an cire shi daga horo, ranar da ya sake hawa gini, ya kira ni in zama shaida. Ya zauna gabanta ya ce, "Maman Kumai, ban yi ba. Ba wata mai abinci. Tsoro ne ya sa na faɗa." Tana ɗinki, ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta ce, "A ɗakin nan ka ce mini ba ka yi ba. A gaban Allah ka ce ka yi, har da wuri da rana. Ɗaya daga ciki ƙarya ce, kuma duka biyun da murya ɗaya ka faɗe su. Ka gaya mini, yaya zan yi in gane?"

Ba ta bar shi ba, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Sun ƙara haihuwa, sun aurar da 'ya'ya. Yaya ya rufe gidaje da yawa a garin nan, ko da yake in damina ta zo dunduniyar takan tuna masa. Amma daga ranar nan tasarsa daban, tata daban. Abincin rana kuwa sai ya tafi da shi tun safe a ƙunshe. Unguwa ba ta sake jin bugun guduman nan a kan kwano ba. Kuma har ya mutu, in baƙo ya tambayi wane Silvanus, sai a ce, "Kafintan nan da Allah ya kama a Gwantu." Ita ta yi jinyarsa ta ƙarshe, ita ta rufe masa ido.

To, ranar da Mildred ta ba ni labarin canjin suna, na tambaye ta ko gaskiya ne atuni kaɗai yana kawo ciwon, har da zafin fitsarin. Ta ce sosai ma. Ta ce mutumin farko da Bajamushen nan ya rubuta labarinsa, soja ne da ya yi atuni mai jini. Ta ce jikin wasu ne haka, mutum goma su sha ruwa ɗaya, ɗaya kaɗai gaɓoɓinsa su kama.

Na ɗaura ɗankwali na ce ta raka ni. Magdalene tana nan a tsohon gidan, idonta ya yi rauni, ta daina ɗinki. Muka same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa da lalube. Na ce wa Mildred ta faɗa mata yadda ta faɗa mini, kada ta rage komai. Ta faɗa.

Hannun Magdalene ya tsaya cikin shinkafar. Na ɗauka za ta tambayi wani abu, ko ta ce mu tashi mu ba ta wuri. Sai ta juya tafin hannuwanta tana kallo.

Ta ce, "Ni na wanke wandunan nan, Lai'atu. Da hannuna na wanke su."

Kaji suka zo suna cin shinkafar daga cikin faifan, ba ta kore su ba.